Gajiyar da Hutu Ba Ya Kawar da Ita

Malama Hadiza daga Zariya na tambaya: me ke kawo gajiyar da ba ta wucewa?

To Malama Hadiza, idan gajiya ta haura wata shida, barci bai warkar da ita ba, ɗan aiki kaɗan ya kwantar da mutum, likitoci na kiranta ciwon gajiya mai naci. Sau da yawa ciwon gajiya mai naci kan biyo bayan kamuwa da ƙwayar bairos, irin su Epstein-Barr ko korona. Masana na zargin gurɓatattun sinadaran da jiki ke fitarwa yayin ƙona abinci, waɗanda in sun yi yawa sukan lahanta ƙwayoyin halitta. Ana kuma zargin maganin ƙwari. Ki ga likita, ya fara duba ƙarancin jini da ciwon suga, domin su ma suna kawo gajiya.