DARASIN LAFIYA: HAWAN DUTSEN HIRA DA SHIRYA JIKI KAFIN TAFIYA MAKKA



'Yan uwa magidanta, darasinmu na yau na masu niyyar Umara ne ko Hajji, da masu shirin kai iyayensu ko iyalinsu. Da yawa in sun sauka Makka sai shauƙi ya ɗebe su, su ce lallai sai sun hau Jabalun Nur sun leƙa Kogon Hira. To, a tsaya a ji hukuncin abin da kuma haɗarinsa.

*1. HUKUNCINSA*

Hawan Dutsen Hira ba ya cikin ayyukan Hajji ko Umara. Ba farilla ba ne, ba sunna ba ne. Haka Dutsen Sauru, inda Manzon Allah (SAW) ya ɓuya tare da Sayyidina Abubakar lokacin Hijira. Haka ma Jabalur Rahma a Arfa: Annabi (SAW) a gindinsa ya tsaya, kuma ya sanar cewa ko'ina a filin Arfa wurin tsayuwa ne. Wanda ya hau don ganin tarihi da ɗaukar darasi, ba laifi in yana da lafiya. Wanda bai hau ba, babu abin da ya ragu a ibadarsa.

Amma sa'ayi dole ne. Tsakanin Safa da Marwa, sahu bakwai ya kai kimanin kilomita 3, ban da ɗawafi. Kada ka ƙarar da ƙarfinka a kan dutse, ranar wajibi kuma a turo ka a keken marasa lafiya.

*2. ME YA SA YAKE WAHALAR DA MU?*

Ƙasarmu ta Dawakin Tofa shimfiɗaɗɗiya ce. Daga Dawanau har Ganduje gona ce da fili, ƙafarmu ba ta san hawa ba. Ga shi babur ya raba mu da keke, zuwa masallacin unguwa ma sai an tayar da mashin. Jabalun Nur kuwa tsayinsa ya kai mita 640 daga saman teku, matakalarsa sun haura dubu, mai lafiya ma yakan yi awa ɗaya zuwa biyu kafin ya kai. Sauru ya fi shi tsawo da wuya.

In kana hawa, zuciya na ninka aikinta, gumi na kwashe ruwa da gishirin jiki. Zafin Makka kuma ba wasa ba ne. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Harami, alhazai sama da 1,300 suka rasu. Allah ya jiƙansu.

*3. DARASI DAGA MASU TSEREN KEKE*

A Faransa akwai duwatsun da mutane ke barin ƙasashensu lokacin hutu su je su hau da keke, kamar Alpe d'Huez mai kwana 21 a tafiyar kusan kilomita 14. Mai hankali a cikinsu yakan yi watanni yana horar da jikinsa kafin ya je. Su don nishaɗi suke wannan shiri, ina ga kai da za ka ibada?

A nan Faransa ɗin, a 1967, wani gwanin tseren keke ɗan Ingila mai suna Tom Simpson ya faɗi ya mutu a kan dutsen Ventoux cikin tsananin rana, yana da shekara 29. An samu ƙwayar ƙara kuzari a jikinsa. Ƙwaya ba ta ƙara ƙarfi, gajiya kawai take ɓoyewa, har zuciya ta gaza mutum bai sani ba. Don haka a nisanci Tramadol da lemon ƙara kuzari da sunan za a hau dutse.

*4. SHIRI TUN DAGA GIDA*

A fara wata biyu kafin tafiya.

• Ka je asibiti a auna maka jini da suga. Wannan shi ne farko.
• Ka kakkaɓe tsohon kekenka. Bayan Asuba ka tuƙa minti 15, kwana huɗu a mako. Duk mako ka ƙara minti 5. Keke yana ƙarfafa cinya da zuciya, kuma ba ya dukan gwiwa kamar gudu.
• Ma'auninka shi ne magana. In kana tuƙi kana iya yin tasbihi a bayyane, lafiya lau. In numfashi ya hana ka, sassauta.
• In ka shiga birni, gwada hawan Dala ko Goron Dutse. Wanda Dala ta sa shi haki da jiri, ya haƙura da Hira.
• Uwargida da tsofaffi su riƙa zagaya tsakar gida da ɗan sauri, minti 20 safe ko yamma.

*5. ABINCI DA ABIN SHA*

Kafin hawa a karya da abu mai sauƙi: dabino da kunu, ko zuma cokali ɗaya a ruwa. Mai ciwon suga ya bar zumar, amma ya riƙe dabino a aljihu saboda faɗuwar suga. A ɗauki ruwa aƙalla lita ɗaya da rabi, a riƙa kurɓa tun ƙishi bai zo ba. In gumi ya yi yawa, a haɗa ruwa lita ɗaya da suga ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali.

Kada a sha filasko ko jiƙon tsamiya mai yawa a ranar ko daren jajiberinta, domin wankin ciki yana ƙarar da ruwan jiki. Zoɓo yana saukar da jini, mai shan maganin hawan jini ya kiyaye haɗa su ranar wahala. Kuma kada kowa ya ajiye maganin likita ya ce habbatus sauda ta isar masa.

*6. WAƊANDA ZA SU HAƘURA*

Mai ciwon zuciya, mai hawan jinin da bai daidaita ba, mai asma, mai juna biyu, mai ciwon gwiwa, mai azumi da rana, da mai sugar da ƙafarsa ba ta jin taɓi. Su tsaya a gindin dutsen su kalla, ya wadatar.

*7. IN ZA KA HAU*

Bayan Asuba ko bayan La'asar sakaliya, ban da tsakar rana. Sa takalmi mai kama ƙafa, ban da silifas. Kada ka tafi kai kaɗai. Ka riƙe jakarka da kyau, akwai birai masu fizgar abinci. Saukowa ta fi cin gwiwa kuma a nan aka fi zamewa, ka bi a hankali.

In ka ji ƙirji ya ɗaure, ko ciwo na sauka hannun hagu, ko jiri, ka zauna nan take, ka fasa. In abokin tafiyarka ya fara sambatu, jikinsa ya yi zafi rau, a kai shi inuwa, a kwarara masa ruwa, a yi masa fifita, a kira motar asibiti a lamba 997. Wannan ba iska ba ce, zafi ne ya buge shi, kuma jinkiri yana kisa.

Jikinka amana ne, yana da haƙƙi a kanka, iyalinka ma suna jiran dawowarka. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya, ya karɓi ibadarmu. Amin.

A tura wa duk mai niyyar tafiya bana.