DARASI: ABINCIN MAI CIWON SUKARI DA HAWAN JINI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, jiki amana ne da Allah ya danƙa mana, kuma za a tambaye mu yadda muka riƙe shi. A cikin Suratul A'arafi, aya ta 31, an halatta mana ci da sha, an hana mu wuce iyaka. Darasinmu na wannan karo ya shafi ƴan'uwanmu masu ciwon sukari, da yadda tuwo da fura da shayin da suke sha kullum suke taɓa hawan jininsu, wato abin da muka saba kira tansiyo.

1. Abinci mai komawa sukari

Da yawa daga cikinmu suna zaton mai wannan ciwo, in ya bar sukarin kanti, ya gama kiyayewa. Ba haka ba ne. Gero, dawa, masara, shinkafa, alkama, rogo da dankali, duk idan sun narke a ciki sukari suke komawa, su shiga jini. Allah ya halitta wani sinadari a jiki mai suna insulin, aikinsa shigar da sukarin nan cikin tsoka ya zama ƙarfi. Mafi yawan manya masu ciwon sukari suna da insulin ɗin, amma jikinsu ya daina jin maganarsa. Saboda haka sukari yake taruwa a jini, jiki kuma ya dinga ƙaro insulin don ya rinjaye shi.

2. Inda cutukan biyu suka haɗu

Yawan insulin a jini yana sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, ruwan ya ƙara cika jijiyoyi, jini ya hau. Sukarin da ya daɗe yana yawa kuma yana sandarar da jijiyoyin jini, yana ɓata matatar ƙoda, ƙodar da ta ɓaci kuwa ita ma tana ƙara hawan jini. Abin da ya yi saura na abinci yana zama kitse a tumbi, ƙiba ta ƙara wa zuciya aiki. Shi ya sa cutukan nan suka zama ɗanjuma da ɗanjummai, kuma haɗuwarsu ce take kai mutum ga shanyewar ɓarin jiki, makanta da wankin ƙoda.

Idan ma'aikacin asibiti ya ce tansiyonka 14/9 ne, nufinsa 140 bisa 90, daga nan ake lissafa hawan jini. Ga mai ciwon sukari kuwa, likitoci da yawa sun fi son ya sauka ƙasa da 13/8.

3. Abin da bincike ya tabbatar

A shekarar 1998 an fitar da sakamakon wani babban bincike a Birtaniya mai suna UKPDS, kan mutum 1,148 masu ciwon sukari da hawan jini. Waɗanda aka tsananta saukar da jininsu, shanyewar ɓarin jiki ta ragu a cikinsu da kashi 44 cikin ɗari.

A 2005, binciken OmniHeart a Amurka ya nuna idan aka rage abinci mai komawa sukari daga kashi 58 zuwa 48 cikin ɗari na ƙarfin da mutum yake samu a abincin yini, aka cike gurbin da irin su wake, kifi, kaza ko man tsirrai, jini yana ƙara sauka, musamman ga mai hawan jini. A 2025 kuma masana na Jami'ar Johns Hopkins suka gwada irin wannan tsari kan masu ciwon sukari su kansu, tare da rage gishiri. Lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kusan 5, kamar daga 140 zuwa 135, kuma mafi yawan saukar daga rage gishiri ta zo.

Fahimtar da za mu ɗauka ita ce: rage tuwo da gyara irinsa yana da amfani, amma wanda ya rage tuwo ya cika miya da gishiri, ya gudu ne bai tsira ba.

4. Yadda za a yi a gida

a) A raba kwano kashi huɗu: biyu na ganye, kamar zogale, rama, yakuwa, kuɓewa da kabeji, ɗaya na tuwo ko shinkafa, ɗaya na wake, kifi, ƙwai ko nama. Da yake mun saba ci a akushi ɗaya, auna rabo yana da wuya, sai a zuba wa maras lafiya nasa daban, kuma kada a mai da wannan abin gori.

b) Gero da dawa da ba a surfe su sosai ba sun fi farar shinkafa, burodi, taliya da garin rogo, domin dusa tana jinkirta shigar sukari cikin jini. Kunu da fura mai ruwa-ruwa suna saurin ɗaga sukari. A rage yawansu, a dama da nono, kada a sa sukari.

c) Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da baligi yake ƙarawa a ci da sha ya wuce kimanin giram 50 a yini, rabin haka ya fi. Lemun kwalba ɗaya mai santilita 33 yana iya ɗauke da giram 35. Mai zaman shayi sau uku a yini, sai ya yi wa kansa hisabi.

d) Gishiri kada ya kai giram 5 a yini, wato cikin ƙaramin cokali ɗaya. Dunƙulen miya, kanwa, kilishi da yajin tsire duk suna cikin wannan lissafi. Albasa, tafarnuwa, citta da daddawa suna ba miya ɗanɗano. Wajibi ne maigida ya fahimtar da iyalinsa, tun da ludayi a hannunsu yake.

e) A yi tafiyar ƙafa ta minti 30, kwana biyar a mako.

5. Faɗakarwa

Zuma da dabino abinci ne masu albarka, babu mai musun haka. Amma dukansu sukari ne, kuma albarkarsu ba ta ɗauke wajibcin auna su ba. Mai ciwon sukari ya taƙaita a kan dabino ɗaya ko biyu wajen buɗa baki.

Kada mai shan magani ko mai allurar insulin ya yanke tuwo gaba ɗaya da ra'ayin kansa, domin sukarinsa zai iya faɗuwa har ya suma. Alamomin haka su ne makyarkyata, zufa, jiri da ruɗewa. Idan sun zo, a ba shi abu mai zaƙi nan take matuƙar yana iya haɗiya. Haka nan kada a bar maganin hawan jini don an ji sauƙi, saboda wannan ciwo yakan yi ɓarna ba tare da alama ba.

Game da azumi, a ga likita tun watan Sha'aban. Likitoci sun ce idan awon sukari ya sauka ƙasa da giram 0,70 a lita, ko ya haura giram 3, a sha ruwa. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun bayyana cewa maras lafiya yana da rangwamen ajiye azumi, kuma ajiyewar tana zama wajibi idan ya ji tsoron halaka ko cuta mai tsanani. Neman magani ba ya warware tawakkali.

Muna kira ga duk wanda ya san yana da ciwon sukari ya riƙa zuwa awon jini a kai a kai, ya rubuta lambobin a takarda ya nuna wa likitansa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa ciwon ya zama kaffara a gare su, ya azurta mu da halal mai amfani. Allah shi ne mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.