Gidan da mota take ja

A ƙasar Amurka akwai gidajen da ake ƙerawa a masana'anta. Babbar mota ce take jawo gidan har filin mai shi. Can sai a ɗora shi bisa ginshiƙai na tubalin siminti.

Ruwan sama yana tausasa ƙasa. Sannu sannu wani ginshiƙi ya nutse, gida ya karkace. Ƙofa ta ƙi rufuwa, bango ya tsage, ruwa ya riƙa shiga.

Mai gyara yakan shiga ƙarƙashin gidan da dogon tiyo mai ruwa. Kullum tsayin ruwa ɗaya ne a bakin tiyo biyu. Da haka yake gane inda gida ya sauka. Sai ya ɗaga wurin kaɗan kaɗan da abin ɗaga mota, ya cusa katako bisa ginshiƙin. Sai gida ya daidaita kana a gyara bango. In an fara da bango, zai sake tsagewa.

Tambayoyi
1. Mi ke sa gida ya karkace?
2. Mine ne amfanin tiyo?
3. Don mi ba a farawa da bango?