Me Ya Sa Muke Tambayar Sana'arki a Wurin Awo?

'Yar uwa mai juna biyu, ranar da kika zo yankar katin awo, bayan suna da shekaru, muna tambayarki aikin da kike yi da kuma sana'ar mai gidanki. Mata da yawa sukan ce, "Ni ba na komai, a gida nake," alhali tana suyar ƙosai a gaban murhu, ko tana surfe da daka, ko tana taya miji feshi a gona. Duk waɗannan aiki ne, kuma suna iya taɓa lafiyarki da ta abin da ke cikinki.

Ina bayanin yake zuwa?

Abin da kika faɗa mana muna rubuta shi a katinki da kuma rajistar asibiti. Daga nan ake tattara alƙaluma a tura wa hukumomin lafiya. Mutum ɗaya da ya zo da tari ko ƙuna ba zai nuna komai ba. Amma idan aka ga mutane da yawa daga ƙauye ɗaya ko masana'anta ɗaya suna zuwa da ciwo iri ɗaya, sai a san akwai abin da ya kamata a je a bincika tun kafin ya kama wasu.

Darasin Zamfara

A shekarar 2010, ma'aikatan lafiya sun lura yara ƙanana suna jijjiga suna mutuwa fiye da ƙima a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Bincike ya nuna gubar dalma ce. Ana kawo duwatsun zinariya cikin gida, ana daka su ana niƙawa, ƙurar kuma tana sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu. Da aka gano tushen, sai aka fitar da aikin daga cikin gidaje, aka kwashe ƙasar da ta gurɓata, aka ba yara magani. A 2015 irin wannan ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Dalma tana ratsa mabiyiya ta isa ga jariri. Tana iya jawo ɓari, ko haihuwar bakwaini, ko ta taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Takan ɓuya a cikin ƙashi na tsawon shekaru, sannan ta fito cikin jini lokacin goyon ciki. Shi ya sa muke tambaya har da aikin da kika yi a baya.

Abubuwan da za ki sanar da mu

1. Idan kina taɓa maganin feshi, ko kina wanke kayan wanda ya yi feshi.
2. Idan mai gida yana haƙar ma'adinai, gyaran batir, fenti, walda ko aikin jima, kuma yana dawowa gida da kayan aikin a jikinsa.
3. Idan kina wuni cikin hayaƙin itace, ko kina ɗaukar kaya masu nauyi, ko kina daɗewa a tsaye cikin zafi.
4. Duk wani rauni, ko da ƙarami ne: yankan wuƙa, ƙunar mai, faɗuwa, ko injin markaɗe ya kama mayafi. Ki faɗi ranar, da wurin, da yadda abin ya faru. Za mu duba ko kin yi allurar rigakafin tsinkau-tsinkau.

Idan kin faɗi ko wani abu ya bugi cikinki, ko kin ga jini, ko ruwa ya fashe, ko motsin yaro ya ragu, kada ki jira ranar awo. Ki taho nan take.

Kira ga mai gida

Malam, ka sauya kayan aiki, ka wanke jiki kafin ka ɗauki yaro ko ka ci abinci. A wanke kayan aikin daban, kuma kada mai ciki ta wanke su. Kada a zuba ruwan sha ko man girki a galan ɗin maganin feshi.

Idan a kamfani ko ofis kake aiki, dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 ta ce ka sanar da mai aikin cikin kwana 14 idan ka ji rauni, shi kuma ya kai rahoto ga hukumar NSITF cikin kwana 7. Ka nemi a rubuta, ka ajiye takardun asibiti. Ita ma mace mai aikin albashi, dokar ƙwadago ta ba ta hutun mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta.

Manomi, mai niƙa da mai sana'ar cikin gida ba su da ofishin da zai kai rahotonsu. Sau da yawa rajistar asibiti ce kaɗai inda za a rubuta abin da ya same su. Saboda haka idan mun tambaye ki, ki faɗi gaskiya ba tare da jin kunya ba. Sirrinki yana nan a tsare. Rigakafi ya fi magani. Allah ya sauke ki lafiya.