Auna Ƙaramin Kamfanin Inshora Kafin A Ba Shi Amana

Darasin wannan mako ya shafi wata tambaya da ke damun 'yan kasuwa da masu motocin haya, watau yadda mutum zai san ko kamfanin inshorar da bai yi suna ba yana da ƙarfin biyan diyya ranar da gobara ko haɗari ya auku. Tsare dukiya yana cikin abubuwa biyar da Shari'a ta zo domin kiyaye su, saboda haka bincike a nan wajibi ne a kan mai hankali.

Da farko, girman suna ba ya lamunce wa kowa. A shekarar 2008 kamfanin AIG na Amurka, wanda yake cikin mafi girma a duniya, ya kusa durƙushewa, sai da hukuma ta ranta masa dala biliyan 85. A Nijeriya ma, a 2022 hukumar NAICOM mai kula da inshora ta soke lasisin Niger Insurance da Standard Alliance, alhali kuwa sanannu ne.

To, abin dubawa shi ne lasisi, sa'an nan jari. A gyaran da aka kammala a 2007 an wajabta naira biliyan 2 ga masu inshorar rai, biliyan 3 ga sauran, har yawan kamfanoni ya faɗo daga sama da 100 zuwa 49. Dokar 2025 ta ɗaga adadin zuwa biliyan 10 da biliyan 15. Amma jari kaɗai bai wadatar ba. Sai a nemi rahoton lissafin kamfani na shekara, a gwada dukiyar da ya mallaka da alkawuran da ke wuyansa. In ratar da ke tsakani 'yar kaɗan ce, gobarar kasuwa guda ta isa ta kayar da shi. A kuma tambaya wane ne yake ɗauke masa wani sashe na nauyin, kamar Africa Re da ke Legas, domin da wannan ne ƙaramin kamfani yake iya biyan babbar hasara. Wanda ya fi kowa arha, ya cancanci a fi tsananta masa tambaya. Tun daga Janairu 2023 kuɗin inshorar dole ta ƙaramar motar gida naira 15,000 ne, takardar da aka sayar ƙasa da haka a bakin tasha abar tuhuma ce.

Ta fuskar hukunci kuwa, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci akwai garari mai yawa a cikinta, ta halatta ta taimakekkeniya, wadda ake kira takaful. An fara irin wannan kamfani a Sudan a 1979, NAICOM kuma ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013. Sai dai sunan Larabci ba ya hana karyewa. Mai shiga ya tabbata an raba asusun mahalarta da na masu hannun jari, akwai malamai masu sa ido waɗanda aka san sunayensu, kuma an rubuta cewa idan asusun ya gaza, masu kamfani za su cike giɓin da rance marar ruwa, a biya su daga rarar shekaru masu zuwa.