Idan Gobara Ta Tashi Cikin Dare

Malam Sani daga Fagge a birnin Kano ya aiko da wasiƙa yana tambaya: "Yaya magidanci zai kuɓutar da iyalinsa idan gobara ta tashi cikin dare?"

To Malam Sani, mun gode. Ko da yake harshen wuta mutane suka fi tsoro, hayaƙi ne ya fi halaka rayuka, kuma da yake ɗabi'arsa tashi sama ce, wajibi ne mai neman tsira ya yi rarrafe, hancinsa kusa da ƙasa, har ya kai bakin ƙofa. Tun ana zaune lafiya kuwa, ya kamata a ajiye mabuɗi a wuri guda wanda yaro da babba suka sani, domin tagogin birni masu ƙarafa ba sa fitar da mutum. Wutar man girki ko ta lantarki, kada a zuba mata ruwa. A rufe tukunya da murfi, a kashe lantarki daga mita. Wanda Allah ya fitar kada ya koma saboda dukiya, sai ya kira 'yan kwana-kwana a lamba 112.

Mu maimaita: rarrafe, mabuɗi, lamba 112. Allah ya kiyaye mu, amin.