Darasi na 17: Zafin Birni

Kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu. Yanzu da yawa daga cikinmu za su tafi cin rani Kano, ko Sakkwato, ko Maiduguri. Wani zai yi dako, wani ga-ruwa, wani aikin gini. Kafin mu ɗaura kaya, ya kamata mu san abu ɗaya: zafin birni ya fi na ƙauye.

Me ya sa? A ƙauye muna da itatuwa da fili, iska tana ratsawa. A birni kuwa sai kwalta da siminti da rufin kwano. Waɗannan suna shan rana tun safe. Da dare sai su riƙa fitar da zafin da suka sha. Shi ya sa ɗakin kwano yakan zama kamar tanderu ko bayan isha'i. A Kano, cikin watan Afrilu, ma'aunin zafi yakan kai 40, har ya wuce.

Jikin mutum kamar randa yake. Randa tana tsattsafo, iska ta busar, ruwan ciki ya yi sanyi. Haka gumi yake yi mana. In ruwan jiki ya ƙare, gumi ya tsaya, to, mutum yana cikin haɗari.

Ga abin da za mu yi:

1. Mu riƙa shan ruwa mai tsabta, kada mu jira sai ƙishirwa ta kama mu. In fitsari ya yi ja, jiki yana neman ruwa.
2. Mu yi aiki mai nauyi da sassafe ko bayan la'asar. Da tsakar rana mu nemi inuwa.
3. Mu sa tufafi masu haske marasa nauyi, mu kifa malafa.
4. Kada mu cunkushe a ɗaki ɗaya mu rufe taga. Cunkoso yana yaɗa sanƙarau a lokacin zafi. A shekarar 1996 wannan cuta ta kashe dubban mutane a Arewa. In an zo yin allurar rigakafi, mu je.

In ɗan'uwanmu ya yi jiri, ko ya fara sambatu, ko ya faɗi, kada mu ce iska ce. Mu kai shi inuwa, mu sassauta masa riga, mu jiƙa jikinsa, mu yi masa fifita. In ya suma, kada mu ɗura masa ruwa a baki. Mu gaggauta kai shi asibiti.

Neman kuɗi muka je, amma gona tana jiranmu. Mu tsare lafiyarmu don mu dawo kafin ruwan shuka.

Tambayoyi

1. Me ya sa birni ya fi ƙauye zafi?
2. Ina amfanin gumi?
3. Me za mu yi wa wanda zafi ya kayar?

Ku rubuta: inuwa, randa, gumi, malafa.